Alƙalamin Nas Ma Magani Ne: Raddi Ga Masu Cewa Bincike Ba Aikinta Ba Ne

Wata ranar Asabar muna zaune a tsakar gidan Kawu a Barnawa, an ci tuwon suna an ƙoshi, hira ta yi daɗi, sai ga jikarsa ta fito da jaka a kafaɗa da tulin takardu a hannu. Tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya. Washegari za a kai su wani ƙauye da ke gaba da Kujama, su yi makonni suna aiki a ƙaramin asibiti, suna kuma bi gida-gida suna yi wa mata tambayoyi a kan awo da haihuwa.

Kawu ya dube ta ya ce, "Amarya, waɗannan takardun fa? Kotu za ki?"

Ta yi dariya ta ce, "Na bincike ne, Kaka. Ba a ba mu shaidar gamawa sai mun rubuta kundi."

Ya girgiza kai. "Ikon Allah! Mu a zamaninmu nas allura take yi, ta wanke gyambo, ta karɓi haihuwa, kuma ta iya. Bincike ai na likitoci ne da farfesoshin Zariya. Kuma me za a bincika a ƙauye? Ba magani, ba hanya, ba kuɗi, ko yaron goye ya san wannan. Dogon karatun nan shi ya sa duk suke tserewa Ingila."

Gwaggo da ke gefe tana tsintar shinkafa ta ƙara da nata: "Su zo su cika ku da tambaya, har tukunyarku sai sun leƙa, su tafi, ba ku ƙara jin ɗuriyarsu ba."

Jama'a suka yi na'am. Ni ban ce uffan ba, domin ba a ja-in-ja da babba a gaban baƙi da jikoki. Amma maganar ta bi ni gida, saboda ba ta Kawu ba ce shi kaɗai. Na ji ta a cikin a-daidaita-sahu tsakanin Sabon Tasha da Kakuri, na ji ta a majalisun Makera da Narayi, har a bakin wasu ma'aikatan lafiya na ji ta. Kuma magana irin wannan, in ta zauna a zukatan mutane, ba ta tsayawa a hira: ita ce ke yanke wa uba hukuncin ko zai ƙara wa 'yarsa kuɗin karatu, ita ce ke sa mai ofis ya soke kuɗin kai ɗalibai ƙauye in kasafi ya matse. Shi ya sa na ga ya dace in ba da amsa a rubuce, cikin ladabi, ba don na fi su Kawu sani ba, sai don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Bari in fara da inda Kawu ya yi gaskiya. Aikin jinya aikin hannu ne kafin komai. Nas ɗin da ta iya tsara kundi mai babi biyar amma ta kasa samun jijiyar yaron da gudawa ta tsotse, ba ta da amfani ga uwar da ke tsaye tana kuka. Su Kawu sun ga ma'aikatan jinya na da, masu tsabta da tsare gida da sanin makamar aiki, kuma ba laifi ba ne su yi kewarsu. Duk ilimin da zai raba nas da gadon mara lafiya, ni ma ban goyi bayansa ba. Inda muka rabu shi ne zaton cewa alƙalami kishiyar allura ne.

Matsalar ta faro ne daga yadda muke jin kalmar bincike. Da an ambace ta, sai mu hango farfesa da farar riga a ɗakin gwaje-gwaje yana leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta. Wannan reshe ɗaya ne kawai. Binciken lafiyar al'umma abu ne mai sauƙin faɗa: ka lura, ka ƙirga, ka rubuta, ka kwatanta. Yara nawa aka kawo da amai da gudawa a wannan watan? Daga wace unguwa? Wace rijiya suke sha? Bara war haka nawa ne? Manomin da ya lura cewa irin masarar da ya shuka a fadama ya fi wanda ya shuka a tudu, ya canja shawara a damina mai zuwa, rabin hanyar ya riga ya taka. Abin da makaranta ke ƙarawa shi ne rubutu da tsari, don kada mantuwa da son rai su yaudari mutum.

To wa ke zaune a inda za a lura ɗin? Jihar Kaduna na da mazaɓu 255 a ƙananan hukumomi 23, kuma manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya ta matakin farko guda mai aiki. Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya irin waɗannan wurare ya san wanda zai tarar: nas, ko ungozomar asibiti, ko jami'in lafiyar al'umma. Likita sai jefi-jefi. Idan muka ce bincike na likita ne kaɗai, to mun ce ke nan ƙauye ya fita daga lissafi, domin idon da ke can kullum mun hana shi ƙirgawa, wanda muka ba izinin ƙirgawa kuma ba ya can. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a asibitin ƙauye nas ce mai ɗakin.

Tarihin sana'ar ma bai goyi bayan Kawu ba. Florence Nightingale, wadda ake ɗauka uwar aikin jinya na zamani, an fi tuna ta da fitilar da take zagaya majinyata da dare a lokacin yaƙin Kirimiya, daga 1854. Amma abin da ya girgiza hukumomin Ingila ba fitilar ba ce, alƙalumanta ne. Ta tsara lissafin sojojin da suka mutu, ta nuna cewa cututtukan da ƙazanta da cunkoso ke haddasawa sun fi raunin fagen daga kisa nesa ba kusa ba. A 1858 ta zama mace ta farko da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Ingila ta karɓa a matsayin mamba, tun kafin ta buɗe makarantar jinyarta a asibitin Saint Thomas da ke Landan a 1860. Wato ƙirga ba baƙo ba ne da ya shigo sana'ar daga baya. Tare aka haife su.

Kada a ce na tafi nesa. Gwaggo, katin nan da ake ba uwa a asibiti, wanda ake rataya yaro a sikeli a ɗiga alama a kan layi don a ga ko yana girma, kin san inda ya samo asali? Wani ƙauye ne mai suna Imesi-Ile, a Jihar Osun ta yanzu. A ƙarshen shekarun 1950, wani likitan yara, David Morley, da ke aiki a asibitin mishan na Wesley Guild a Ilesha, ya gaji da ganin yara suna zuwa bayan cuta ta gama cin su. Sai aka shirya bin diddigin yara sama da 400 na ƙauyen tun daga haihuwa. Wadda ta tare a ƙauyen, tana auna yaran wata bayan wata, tana rubuta ciwon da kowa ya yi da lokacin da ya yi shi, nas ce, Margaret Woodland, tare da mataimakanta 'yan gari. Daga rubuce-rubucen nan aka ga yadda ƙyanda ke zubar da nauyin yaro ta jefa shi cikin tamowa, aka ga cewa tsayawar nauyi gargaɗi ne da ke zuwa kafin ciwo ya bayyana a ido. Daga nan aka samu katin awon yara da asibitin 'yan ƙasa da shekara biyar, abubuwan da suka bazu a duniya. Da Woodland ta ce ita allura kawai ta zo yi, da wannan katin bai iso hannun matan Gonin Gora ba.

Sai magana ta biyu, cewa matsalar ƙauye sananniya ce. "Ba magani, ba hanya, ba kuɗi." Gaskiya ne, amma gaskiya ce irin ta wanda aka tambaye shi me ke damun mara lafiya ya ce, "Ba shi da lafiya." Bai yi ƙarya ba, bai kuma taimaka ba.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Nijeriya ke faruwa a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa wajen kashi 16. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a ƙasar nan saboda ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duk duniya. Waɗannan alƙaluma sun gaya mana girman gobarar, amma ba su nuna mana ɗakin da wutar ta tashi ba. Me ya hana matar wancan ƙauyen zuwa asibiti? A wani wuri rafi ne ke cika da damina ya raba gari da asibitin. A wani wuri asibitin na nan kusa, amma da magariba ake rufe shi, naƙuda kuwa ba ta duba agogo. A wani wuri ma'aikacin namiji ne, mata ba sa sakin jiki. A wani wuri jerin kayan haihuwa da ake cewa a saya ne ya fi ƙarfin miji. A wani wuri kuma wata ce aka taɓa yi wa tsawa tana kan gwiwa, labari ya zaga gari, kowa ta ce gara ungozomar gida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan maganinsa daban. Idan gwamnati ta kashe miliyoyi ta gina sabon ɗaki a inda matsalar ita ce ba mai kwana, an yi fenti, an yanka ƙyalle, ba a ceci kowa ba. Wa zai bambance wannan daga wancan in ba wanda ya zauna da matan ya tambaye su, ya rubuta, ya ƙirga ba? Abin da ke cikin takardun jikar Kawu ke nan.

Wani lokaci ma abin da kowa ya sani shi ne ke rufe ido. A 2010 yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, da suma da sanƙarewa. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau suka saba kisa, abu ne mai sauƙi a ce ai su ne. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura cewa maganin da aka saba bayarwa ba ya aiki, kuma mace-macen sun taru a garuruwan da ake daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, sannan aka auna jini aka gano gubar dalma ce. Yara aƙalla 400 sun rasu. Tambaya ɗaya ce ta buɗe ƙofa: me ya sa nan, ba can ba? Ma'aikacin da aka koya masa yin wannan tambayar zai iya ɗaga murya tun ana kan yara goma.

A nan kusa da mu, a Zariya, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun tattara bayanan haihuwa 22,774 da aka yi a jere a asibiti daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Aikin ya nuna a fili irin ratar da ke tsakanin matar da ta yi awo da wadda aka kawo ta a galabaice ba ta taɓa zuwa ba, ya kuma nuna yadda ilimin mace ke kare ranta. Har yau ana kafa hujja da shi. Amma duk wanda ya san ɗakin haihuwa ya san cewa irin wannan aiki ba ya tsayuwa sai da rajista mai kyau, rajistar ɗakin haihuwa kuwa a hannun ungozoma da nas take. In ta rubuta daidai, farfesa ya samu gaskiya. In ta cika layi da ka don kada a yi mata faɗa, to ko wane irin digiri gare shi, ƙarya zai tace. Mutum kuwa ba ya kula da rubutun da bai san amfaninsa ba. Nas ɗin da ta taɓa gudanar da ɗan bincikenta da hannunta, ta sha wahalar rajista mai giɓi, ita ce za ta riƙe tata da amana.

Misalin da ya fi burge ni na kwanan nan ne. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu jego. Shekara da shekaru ana ƙiyasta jinin da ido: a duba zani, a duba ƙasa, a ce bai yi yawa ba. Sai aka yi wani gwaji mai suna E-MOTIVE a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya. Dabarar ba ta da wani tsada: wata leda ce mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace, jinin ya taru a ga adadinsa a rubuce. Da ya kai iyakar da aka sa, ba jira, sai a haɗa matakan ceto a lokaci guda: murza mahaifa, allurar da ke sa ta tsuke, allurar tsayar da jini, ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna raguwar kusan kashi 60 cikin 100 na mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta. A manyan asibitoci aka yi gwajin, ba a ƙauye ba, amma darasin na kowa ne: ido na yaudara, ma'auni ba ya yi. Kuma hannun da ke shimfiɗa ledar, idon da ke karanta ma'aunin, bakin da ke cewa a taho yanzu, galibi na ungozoma ne. Kawu, a nan ina allura ta ƙare, ina bincike ya fara? Ba su rabu ba.

Magana ta uku, cewa dogon karatu ne ke sa su tserewa Ingila, ita ce mai zafi, domin akwai ciwo na gaske a ƙarƙashinta. Ma'aikatan jinyarmu suna tafiya. A farkon 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ya bayyana cewa sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Kusan kowane layi a Barnawa ko Unguwar Romi akwai gidan da za a nuna maka a ce 'yarsu tana Ingila ko Saudiyya. Ba wanda zai ga wannan bai ji takaici ba.

Sai dai mu tambayi masu tafiyar. Ban taɓa jin wadda ta ce ta tafi don an koya mata rubuta kundi ba. Abin da ake ji shi ne albashin da ba ya kai tsakiyar wata, mutum ɗaya a kan ɗaki cike da majinyata, aikin dare ba wuta ba ruwa, da fargabar hanya. Ruwa ba ya tsami banza. In muka rage wa nas ilimi don kada wata ƙasa ta yi sha'awarta, mun yi kamar mai kaza da ya karya mata ƙafa don kada ta shiga gidan maƙwabci: ta zauna ɗin, amma me ya rage na kazar? Kuma wa zai kwanta a hannun wadda aka rage wa ilimin? Mu ne, da matanmu da 'ya'yanmu.

Abin sha'awa, amsar wannan matsala ma daga bincike ta fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara abin da aka gano a ƙasashe da dama ta fitar da shawarwari a 2010, ta sabunta su a 2021: ma'aikacin da ya fi zama a karkara shi ne wanda aka ɗauko daga karkara, aka horar da shi kusa da gida, aka kai shi ƙauye koyon aiki tun yana ɗalibi, aka kuma ba shi muhalli da hanyar ci gaba. A kan irin wannan tunani ne shirin Women for Health ya yi aiki a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe daga 2012, yana ɗauko 'yan mata daga ƙauyuka yana shirya su shiga makarantun jinya da ungozoma don su koma su yi wa garuruwansu aiki. Ashe tafiyar da jikar Kawu za ta yi gaba da Kujama ba ita ce hanyar Ingila ba. Tana cikin 'yan abubuwan da ke iya ɗaure zuciyarta a gida.

Saura maganar Gwaggo, kuma ita ce na fi jin nauyinta. Mutanen Arewa ba su ƙi bincike don jahilci ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kusan 200, lamarin da ya jawo shari'a ta shekaru a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. Tabon wannan na cikin abin da ya ƙara rura ƙin allurar shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ko ba a kai can ba, Gwaggo ta yi gaskiya cewa da yawa suna zuwa da takarda, su kwashi amsa, su tafi su karɓi digiri, ƙauye bai ga ko allurar ɗinki ba.

Amma Gwaggo, maganin baƙon da ya ci amana ba shi ne a toshe rijiya ba, a sa ɗan gida ya riƙe guga. Yarinyar da ta tashi a Kakuri, tana jin Hausa, wataƙila da Gbagyi ko Adara ko Fulatanci, ta san yadda ake sallama a ƙofar gida, ta san ba a tambayar mace yawan cikin da ta yi a gaban surukarta, ta san kuma gobe za ta haɗu da matar nan a kasuwa ko a wurin biki, ita ce ta fi wuyar cin amana. A makaranta kuma ana koya mata cewa ba a yi wa mutum tambaya sai da yardarsa, yana da ikon ya ƙi, kuma sirrinsa amana ne. In ba mu horar da namu sun iya ba, binciken ba zai tsaya ba. Wasu ne za su ci gaba da yi a kanmu, mu kuwa ba mu da wanda zai karanta takardar ya ce wannan ba daidai ba ne.

Da Kawu ya juya fushinsa wani wajen, da na tsaya a bayansa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu ɗalibai sayen kundi suke yi a shagunan buga takardu, a canja sunan gari da shekara, a ɗaure da baƙin bango. Wasu malaman ba sa karantawa. Batutuwan ma sukan zama iri ɗaya shekara bayan shekara, kundin kuma ya ƙare a kan kanta yana shan ƙura. Wannan ba bincike ba ne, wasan kwaikwayo ne, kuma ya fi rashin yi muni, domin yana koya wa yarinya tun da wuri cewa ana iya ƙirƙirar adadi a zauna lafiya. Wadda ta saba da haka a makaranta, ranar da aka ba ta rajistar rigakafi me za ta yi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A bar ɗaliba ta ɗauki ƙaramar tambaya ta gaske, wadda ma'aikatan asibitin ƙauyen da kansu suke son amsarta: me ya sa mata ke zuwa awon farko ba sa dawowa na biyu, ko yara nawa ne suka fara rigakafi ba su kai ga allurar ƙyanda ba. Malami ya taka ya je ya ga inda aka yi aikin. Kafin a ba da maki, ɗaliba ta koma ta faɗi abin da ta gano a gaban mai gari, da liman, da fasto, da matan zumunta, da matan Islamiyya, da harshen da suke ji. A ajiye kwafi a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ɗaliban baɗi su ɗora daga inda na bana suka tsaya. Sannan, tunda duk mun san abin da wasu yankunan Chikun da Kajuru suka gani na garkuwa da mutane da hare-hare, kada a tura 'ya'yan mutane inda ba a tabbatar da tsaro da wurin kwana ba. Ba wani kundi da ya kai ran ɗaliba.

Mu da ke kudancin kogin Kaduna muna da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Ga asibitin Saint Gerard da makarantar jinyarsa a Kakuri, ga babban asibitin Gwamna Awan, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke horar da ma'aikatan jinya a wannan fanni. Kuma in ka bi hanyar Kachia ka wuce Sabon Tasha da matatar mai da Maraban Rido, kafin shayinka ya huce ka shiga karkara. Aji da ƙauye suna kallon juna. Ga tambayoyi kuma jibge ba mai ɗauka. Iyalan da rikici ya taso daga ƙauyukansu suka raɓe a gefen gari, ina matansu ke haihuwa? Yaransu sun ƙarasa rigakafi? Wanda aka sako daga hannun masu garkuwa, ya daina barci, ya daina magana, wa ke bibiyarsa bayan an gama zuwa jaje? Ba farfesan da zai taso daga Landan ya amsa mana waɗannan. 'Ya'yanmu ne za su yi, in mun koya musu, in kuma mun daina yi musu dariya idan suka ɗauko takarda.

Kawu, ka yi mini afuwa, da maganarka zan rufe. Kai ka sha ba mu labarin shekarunka a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, lokacin da jiniya ke tashi unguwa ta cika da masu kekuna. Ka ce a kowane zubi na aiki akwai takardar da kuke rubuta sau nawa zare ya tsinke, wane inji ne ya tsaya, da ƙarfe nawa. Ka ce injiniya ba ya taɓa inji sai ya duba wannan takarda, kuma akwai ranar da kai ne ka lura cewa tsinkewar ta fi yawa a kan wani rukunin auduga, ka faɗa, aka duba aka ga haka ne. Duk lokacin da ka zo wannan gaɓar sai ka gyara zama, muryarka ta canja. Ba ka taɓa cewa rubutun ya hana ka saƙa ba. Cewa kake yi shi ya bambanta ma'aikaci da ɗan kallo.

Abin da amaryarka ta tafi yi ke nan, sai dai nata zaren rayukan mata ne da jarirai. In Allah ya dawo da ita lafiya, ina roƙon alfarma ɗaya: ka sa a shimfiɗa mata tabarma kusa da kujerarka, ka ce, "Amarya, me kika gano?" Ka saurare ta har ta gama. In abin da ta faɗa kowa ya riga ya sani, na karɓi kaye, kuma goron sulhu a wuyana. Allah ya ƙara wa manyanmu lafiya da nisan kwana, ya tsare 'ya'yanmu a hanya, ya sauki masu ciki lafiya.